Ajiyar da Ke Ƙarƙashin Dutse: Wuni Guda a Dartmoor

A watan Yulin da ya gabata na halarci wani taron ƙara wa juna sani a Jami'ar Exeter, a yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. Kwana uku muka shafe a ɗakunan taro: mai maƙala ya karanta, masu tambaya su yi tambayar da ta fi maƙalar tsawo, a tashi a sha shayi a dawo. Ranar Juma'a aka rufe taro, jirgina kuma sai Litinin. Niyyata ita ce ranar Asabar in shiga kantuna in yi wa iyali tsaraba, in koma masauki in rama barci. Sai wani abokin aiki, Bature malamin labarin ƙasa da ya doshi shekara sittin, ya ce in shirya da safe zai zo ya ɗauke ni mu tafi farauta. Na ce masa ban iya harbi ba. Ya yi dariya ya ce farautar tasu ba bindiga ba kare, abin da ake bukata kawai wayar hannu da takalmin da ba ya tsoron taɓo.

Da safe ya iso tare da jikarsa, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda ita ce ta zama malamata a wannan rana. Tun a mota ta fara darasi. Wasan sunansa jiyokashin, wanda in za mu raɗa masa suna da Hausa sai mu ce farautar ajiya. Mutum zai sami ɗan akwatin roba mai murfin da ruwa ba ya shiga, ya sa masa ɗan littafi da fensir da 'yan tarkace marasa tsada, ya kai wani wuri ya ɓoye: kogon bishiya, tsagin dutse, bayan allon hanya. Sai ya ɗauki lambobin da ke nuna matsayin wurin a doron ƙasa ya ɗora a intanet, tare da ɗan hannunka-mai-sanda. Duk wanda ya ga dama, ko daga wace ƙasa yake, sai ya bi lambobin da wayarsa ya nemo. In ya samu, ya rubuta sunansa da kwanan wata. In ya ɗauki wani abu, ya ajiye wani a madadinsa wanda bai gaza shi daraja ba. Sannan ya mayar da akwatin daidai yadda ya same shi. Babu kyautar da ake ci, babu alƙalin wasa, babu mai gadi. Na yi tambayar da yawancin 'yan ƙasarmu za su yi: to, riba fa? Yarinyar ta dube ni kamar wanda ya tambayi ribar wasan langa.

Kakanta ne ya cike mini tarihin. Fasahar GPS, wadda muke neman hanya ko daidaita alƙibla da ita, ta dogara ne da taurarin ɗan'adam na sojan Amurka da ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,000. Waya tana sauraron saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu, ta auna lokacin da kowanne ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta lissafa inda take. Shekaru da dama gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata saƙon da fararen hula ke samu, har na'ura kan yi kuskuren mita ɗari. A farkon watan Mayun 2000, bisa umarnin Shugaba Bill Clinton, aka daina wannan gurɓatawa, kuskuren ya dawo bai wuce faɗin tsakar gida ba. Ranar 3 ga watan, wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada. Ya ɗauki baƙin bokitin roba, ya zuba littattafai da kaset ɗin bidiyo da gwangwanin wake da danƙon harbin tsuntsu da littafin sa hannu, ya ajiye a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin. Cikin 'yan kwanaki aka gano shi. A watan Satumba na wannan shekara Jeremy Irish ya buɗe dandalin da ke tattara irin waɗannan ajiye-ajiye, waɗanda a yau sun haura miliyan uku a faɗin duniya.

Kafin mu fara hawa, mun tsaya a wani ƙaramin gari a gindin tsaunukan domin su sayi abincin rana. Yarinyar ta miƙo mini wayar kakanta, ta nuna mini wata ajiya da ba ta fi taku tamanin daga inda muka ajiye mota ba, ta ce in gwada ni kaɗai kafin su fito. Irin ƙananan nan ne, in ji ta, masu maganaɗisu, da ba su fi gaɓar yatsa girma ba, ana manna su a jikin ƙarfe. Ta kuma ja mini kunne kada in bari wani magul ya gan ni. Haka masu wasan ke kiran wanda ba ya cikinsu, sunan da suka aro daga littattafan Harry Potter, inda yake nufin mutumin da ba shi da sihiri.

Na bi kibiyar wayar har ta kai ni ga wani benci a bakin titi. Na sunkuya ina laluben ƙarƙashinsa. Mai karatu ya zana hoton a zuciyarsa: baƙar fata mai gemu, da hular kube a kai, da jaka a baya, a garin da tun shigowata ban ga mai irin launina ba, ya durƙusa yana cusa hannu a ƙarƙashin bencin jama'a, yana duba waya yana waige-waige. Da na ɗago sai na ga wata dattijuwa riƙe da igiyar kare, ta tsaya cak. Ta ce, "Wani abu ka yar ne?" Muryar akwai ladabi, amma idon ba ya kaina, yana kan jakata, ɗaya hannunta kuma ya riga ya fito da waya. Nan take na watsar da dokar magul. Na miƙe a hankali, na juya mata fuskar wayar, na fara bayanin wasan da ni kaina ban yi awa biyu da sanin sunansa ba. Tana saurare, fuskarta ba ta sauya ba. Ana haka sai ga yarinyar a guje ta kama hannun rigata tana tambaya ko na samu. Dattijuwar ta dube ta, ta dube ni, ta saki fuska, ta ce mu yi haƙuri, ta ja karenta ta wuce.

Ban ga laifinta gaba ɗaya ba. Abokina ya ba ni labarin abin da ya faru a 2011 a garin Wetherby da ke arewacin Ingila, inda aka ga wani yana ajiye ɗan akwati a bakin titin kasuwa, aka kira 'yan sanda, aka rufe titin, sojoji masu kwance bam suka zo suka fasa shi, ashe akwatin wasan nan ne. Kuma in mun yi wa kanmu adalci, baƙon da aka gani yana cusa gwangwani a ƙarƙashin kwalbati a Kano bayan hare-haren Janairun 2012 zai yi sa'a in tambaya kawai aka yi masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Abokin nawa ya ce shi ma an sha tambayarsa abin da yake nema, kuma na yarda. Amma bai taɓa yin lissafin da na yi a cikin daƙiƙun nan ba: fasfo yana masauki, biza ta 'yan kwanaki ce, sunana zai faɗi addinina kafin in buɗe baki. An ce wasan na kowa ne, kuma a rubuce haka yake. A aikace, sai da 'yar shekara goma sha ɗaya ta tsaya mini. Ajiyar bencin ban same ta ba, ban kuma sake sunkuyawa ba.

Daga garin hanya ta miƙe sama, bishiyoyi suka yi ta raguwa har suka ƙare, sai ga fili ya buɗe. Dartmoor tudu ne mai faɗin murabba'in kilomita 954, wanda aka mayar gandun shaƙatawa na ƙasa a 1951. Ba daji ba ne irin wanda muka sani. Gajeriyar ciyawa ce da ƙaya mai fure ruwan ɗorawa, da fadamun da ke zurma ƙafa, da tumaki da ƙananan dawaki ƙuru suna kiwo ba makiyayi. A kan kusan kowane tudu akwai tarin manyan duwatsu kamar an jera su da hannu, waɗanda mutanen wurin ke kira to. Wanda muka nufa, Haytor, yana da tsayin mita 457 daga matakin teku. Wanda ya saba ganin duwatsun Zariya ba zai razana da girmansa ba. Iskar ce ba mu da irinta: a tsakiyar bazararsu, sai da na ari rigar ruwa na ɗora a kan rigar sanyi. Daga samansa ana hango kogin Teign yana malala zuwa teku.

A nan abokina ya nuna arewa maso yamma ya ce kakan wasan yana can, kuma ya girmi tauraron ɗan'adam da fiye da shekara ɗari. A 1854 wani ɗan jagora daga garin Chagford mai suna James Perrott ya tara duwatsu a Cranmere Pool, wata fadama mai wuyar zuwa a tsakiyar tudun, ya ajiye kwalba domin duk wanda ya iya kaiwa ya jefa katin sunansa. Daga baya aka sauya salo: mai zuwa zai bar katin wasiƙa ɗauke da adireshinsa, wanda ya zo bayansa ya ɗauka ya kai gidan waya. Wani lokaci katin kan yi makonni kafin wani ya biyo. Daga wannan al'ada aka sami akwatuna masu hatimi da ake ɓoyewa a ko'ina a Dartmoor ana nema da kamfas da alamu, kuma har yau ana yi.

Labarin katin ya fi na bokitin Oregon burge ni, domin na san shi. Sallahu ne. Wa bai taɓa zuwa tasha ya damƙa wa direban da bai sani ba wasiƙa ko ƙullin kuɗi a kai wa tsohuwa a ƙauye ba? Saboda haka ba na cikin masu dawowa daga Turai su ce mu ba mu san amana ba. Bambancin da na gani shi ne, mu muna ganin fuskar direba, mun san motarsa, akwai ɗan kamasho da za a riƙe in saƙo ya ɓata. A nan kuwa mai ajiya da mai ɗauka ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma wanda ya kwashe akwatin ya tafi da shi babu mai sani har abada. Akan kwashe ɗin ma, in ji abokina, shi ya sa ake ɓoyewa daga magul. Amma yawancinsu suna nan shekara da shekaru.

Ajiya ta biyu tana arewa da Haytor, bayan wata tsohuwar mahaƙar dutse da ruwa ya cika. Muna tafe wayar tana ƙirga mana: saura mita 200, saura 90, saura 30. Da muka kai kamar mita biyar sai kibiyar ta rikice, ta nuna gabas, ta juya yamma. Yarinyar ta karɓi wayar ta sa a aljihu, ta ce aikin na'ura ya ƙare, saura na ido. Dokar wasan ta hana binnewa, don haka ba haƙa za a yi ba. Abin da ake nema shi ne abin da bai zauna daidai ba: dutsen da gansakukarsa ke kallon ƙasa maimakon sama, ko 'yan duwatsu uku da suka taru a bakin rami fiye da yadda iska da ruwa za su tara su. Mun kai minti ashirin muna zagaye wuri guda. Ni malami ne, aikina kenan in ce wa ɗalibai su lura da abin da ke gabansu, amma ban tuna ranar da na kalli faɗin tabarma biyu na ƙasa da irin wannan natsuwa ba.

Ni na fara ganin ramin, amma na kasa sa hannu. An rene ni da hanin da ba a saɓawa: ba a cusa hannu a ramin dutse. Yarinyar ta yi mini dariya, kakanta ya goyi bayana, ya ce akwai wani maciji dangin kububuwa a tudun, shi kaɗai ne mai dafi a Birtaniya. Na sa sanda na zungura, na ji ƙarar roba. Abin nema ya samu. A ciki akwai ɗan littafi a leda, da 'yar motar wasa, da maɓallan riga, da dutsen gilashi irin na wasan yara. Na buɗe littafin: sunaye daga Jamus, daga Holan, wani ya rubuta cewa ruwa ya yi musu dukan tsiya, wani yaro ya zana tunkiya. Na rubuta sunana da kwanan wata, na ƙara da "daga Zariya, Najeriya". Abin kunya ne in faɗi irin daɗin da na ji.

Sai da na miƙe na gane dalilin da ya sa aka kawo mu nan. Muna tsaye ne a kan layin dogo, amma na dutse. A 1820 wani attajiri, George Templer, ya shimfiɗa hanya mai tsawon fiye da kilomita 13 daga mahaƙun Haytor zuwa mashigin ruwan Stover, kuma maimakon ƙarfe sai aka sassaƙa dogayen duwatsu masu kafaɗa aka jera su biyu-biyu, dawaki suna jan kekunan dakon dutse a kai. Daga can a loda wa jiragen ruwa. Dutsen wannan tudu ya shiga ginin Gadar Landan da aka buɗe a 1831, wadda aka sayar wa wani Ba'amurke a 1968 ya kwashe ta zuwa jihar Arizona. Layin ya daina aiki tun wajen 1858, amma yana nan kwance a cikin ciyawa, har da mararrabarsa. Ɗaruruwan mutane sun hau Haytor a ranar sun ɗauki hoto sun koma motocinsu. A kan layin, ban ga fiye da mutum goma ba. Akwatin tarkace ne ya janyo ni, in ba don shi ba da ina cikin masu hoto.

Muna gangarawa kwarin Becka Brook na tambayi abokina ƙasar wa muke takawa haka ba izini. Ya ce yawancin Dartmoor mallakar mutane ce, mafi girman kaso ma na masarautar Cornwall ne, wato dukiyar yarima mai jiran gado. Amma fiye da kashi ɗaya cikin uku makiyaya ce ta gamayya, inda manoman kewaye ke da haƙƙin kiwo tun kaka da kakanni, kuma wata doka ta 1985 ta ba kowa damar shiga da ƙafa ko a kan doki. Damar ba ta zauna lafiya ba. Wani attajiri mai filaye a kudancin tudun, Alexander Darwall, ya kai ƙara cewa dokar ba ta haɗa da kafa tanti a kwana ba. A Janairun 2023 babbar kotu ta ba shi gaskiya, dubban mutane suka fito tudun suka yi zanga-zanga, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a watan Yuli, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da haƙƙin jama'a a watan Mayun 2025.

Na yi shiru ina tunanin burtalolinmu da makiyayunmu, da yadda gona da shinge suka cinye su ba tare da an je gaban alƙali ba. Na tuna muna ɗalibai mukan hau Kufena ranar Asabar da burodi da ruwa a jarka, ba wanda ya tambaye mu, ba wanda muke tsoro. Na tuna dutsen Kwatarkwashi da nake hangowa ta tagar mota a hanyar Gusau, ina cewa wata rana zan tsaya in hau. Yau in ɗalibina ya ce mini zai shiga dajin wannan yanki da waya a hannu yana neman akwati, ni zan fara hana shi. Taurarin nan da ke bisa Dartmoor su ne ke bisa Zamfara, kuma wayar da ke aljihun ɗalibin nawa ba ta gaza ta abokina ba.

Bayan mun haye rafin ta kan wata gadar faffaɗan dutse, muka hau zuwa kufan wani ƙauye a gindin Hound Tor. Gidaje ne na ƙarni na 13, dogaye, waɗanda mutane ke kwana a gefe ɗaya shanu a ɗaya gefen ƙarƙashin rufi guda. An watse daga wurin wajen farkon ƙarni na 15, bayan yanayi ya ƙara sanyi da damshi, annoba kuma ta rage jama'a. Bangayen ba su wuce gwiwa ba yanzu, amma ana gane ƙofa da murhu. Ba a yarda a ɓoye komai a jikin kufai ba, don haka ajiyarmu ta uku tana can nesa kaɗan a cikin wasu duwatsu, kuma yarinyar ta ciro ta kafin in gama ɗaure igiyar takalmi.

A ciki na ga ɗan dokin roba, na ce wannan tsarabar ƙaramar 'yata ce. Na laluba aljihu na fito da goro zan ajiye. Malamata ta hana: ba a sa abin ci, dabbobi za su ji ƙanshi su fasa akwatin. Na sake lalubawa na ci karo da takardar naira ashirin, irin ta leda da ruwa ba ya ɓatawa. Ta juya ta, ta wuce hoton Janar Murtala, ta tsaya a kan matar da ke gina tukunya a baya, ta tambayi ko wace ce. Na ce Ladi Kwali ce, Bagwariya, wadda a 1954 ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya kafa a Abuja ta dā, wato Suleja ta yanzu. Kakan ya ɗago kai da sauri. Ya ce ai a dā maginar Cardew tana Wenford Bridge a Cornwall, yankin da ke maƙwabtaka da su ta yamma. Na ce to Ladi Kwali ta zo har can a farkon shekarun 1960, ta gina tukunya da hannu Turawa suna kallo.

Yarinyar ba ta bari tarihi ya shagaltar da ita daga doka ba. Ta tambayi nawa takardar take a kuɗinsu. Na yi lissafi, na so in yi kwana, sannan na faɗi gaskiya: kimanin kwabo ɗaya. Ta dubi dokin, ta dubi takardar, ta yi jim kamar alƙalin da shari'a ta cakuɗe wa. Can ta yanke hukunci cewa tun da babu mai irinta a duk faɗin Devon, an karɓa. Na naɗe Ladi Kwali na sa a ledar littafin, muka mayar da akwatin, muka jera duwatsun bakin ramin yadda muka same su.

A hanyar komawa hazo ya sauko cikin 'yan mintoci, Haytor ya ɓace gaba ɗaya, batirin wayar kuma ya kusa mutuwa. Abokina ya ce mu nemi layin Templer mu bi shi, zai mayar da mu kusa da mahaƙar. Haka muka taho a jere a tsakanin duwatsun nan biyu, yarinyar a gaba, muna jin kukan tumakin da ba ma gani. Kantuna sun rufe kafin mu isa Exeter, don haka tsarabar sauran iyali a filin jirgi na saya da tsada. Dokin robar yana wurin ƙaramar 'yata, har ta karya masa ƙafa ɗaya.